Saran Adda a Kan Littafi

Gidiyon ya ɗaga ƙaramin Sabon Alkawarin sama, ya juya shi don na bayan majami'a su ga inda adda ta ci bangon har tsakiya.

"A nan ƙirjina yake!" in ji shi. "Wanda ke neman shaidar akwai Allah, ga ta."

Mata suka rangaɗa guɗa. Dina ta sunkuyar da kai. Ita ta ɗinka wa littafin rigar atamfa, kuma ba Gidiyon ta ɗinka wa ba. Mijinta Nehemiya, ƙanen Gidiyon, ta ɗinka wa.

Ran da tarzoma ta ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, su ukun suna dawowa daga sayen hatsi. Wata dattijuwa ta fizgi Dina zuwa zaurenta. Ta ramin ƙyaure ta ga Gidiyon ya shige ƙarƙashin wata babbar mota. Ta ga saran farko ya sauka a aljihun ƙirjin Nehemiya, littafin ya tare. Na biyu a wuya ya same shi.

Tun daga ranar take zaune a gidan Gidiyon da ɗanta Dabo. Da safen nan ma, tana daka, ya tsaya a kanta.

"Maman Dabo, in kin gaji da mu, motar garinku Zariya ba ta ƙare ba. Amma ɗa na dangin uba ne, kin sani."

"Na sani, Yaya."

Yanzu ga Dabo can a cinyar Magret, matar Gidiyon, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ta riƙe shi da hannu biyu.

Wani ya miƙe daga bencin ƙarshe. Ifeanyi ne, abokin aikin Nehemiya a tashar jirgin ƙasa, wanda ya daina zuwa sujada tun da aka kashe ƙanwarsa a tarzomar.

"Malam Gidiyon, littafi ba shi da baki," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Ba ni adda, in zaga baya, in kawo maka irinsa goma."

Wasu samari suka ƙyalƙyale da dariya. Fasto ya ɗaga hannu.

"To me zai gamsar da kai, ɗana?"

"Wanda ya gani da ido. Wanda ba ya cin komai a ciki."

Gidiyon ya yi murmushi, ya nuna Dina da leɓe. Aka sa ta tashi.

"Kin ga adda ta sauka a kan littafin nan?" in ji Ifeanyi.

"Na gani."

"Ya tare ta?"

"Ya tare."

"A ƙirjin wa?"

Magret ta gyara wa Dabo hula, ta ƙara matse shi. Yaron yana ta leƙen uwarsa, yana tsotsar yatsa.

"Na Yaya," in ji Dina.

Majami'a ta ɗauki Haleluya har kwanon rufi ya amsa. Ifeanyi ya taho ta tsakiyar benci, ya zube a gabanta, hawaye na zuba kan kakinsa.

"Da wani ne ya faɗa, da na yi dariya," ya ce. "Amma ke mijinki ya mutu a wurin. Me zai sa ki yi mini ƙarya?"

Ya kama hannunta, ya roƙe ta ta yi masa addu'a.