Taku Ashirin da Uku Daga Darbejiya

…kuma ba ta nan. Darbejiyar ba ta nan, Naomi. Tun daga ƙofar maƙabarta nake ɗaga kai ina nemanta, sai ka ce akuya ce da ta tafi kiwo za ta dawo. Babu ita, babu kututturenta, ko ramin da ta fita babu. Ambaliya ta tumɓuke ta, ta cike gurbin, ta shafe. Fili kawai. Busasshiyar laka duk ta tsattsage, ga ledoji, ga wani gicciye kwance jikin katanga — ba naki ba ne, na duba.

Taku ashirin da uku daga darbejiya zuwa gabas, huɗu zuwa kudu. Nan kike. Ranar da muka binne ki na ƙirga, shekara biyu ke nan. Mutane na waƙa, ni ubanki ina ƙirga taku, don in ban riƙe wani abu ba faɗuwa zan yi. Ashirin da uku… daga ina? Yanzu daga ina?

Ni da bakina nake koya wa yara wannan. Shekara goma sha tara ina riƙe da alli: ba a cewa abu yana wuri kaza sai an faɗi inda aka fara awo. Su rubuta, in ba su maki. To Malam Dzarma, babban malamin fiziks, ga taka jarrabawar, bismillah.

Mamanki na bayana. Ba na juyawa, amma ina jin numfashinta. Ta ɗaura zanen zumuntar mata ta coci, shi kaɗai ne ya tsira don a jikinta yake ranar ruwan. Madu magini ya sauke bulo da siminti buhu biyu, ya dogara da shebur yana jira. Mutumin kirki, ba ya azalzala ta. Za mu sake ɗaure kabarinki, mu kafa sunanki. Abu ɗaya ya tambaya, a ina zai fara. Ni zan nuna. Ni na ce na sani.

Na ce mata na sani… Sati uku muna kwana a ɗakin aji da sauran waɗanda ruwa ya kora, gidanmu ya nutse har taga, ba ta tambayi katifa ba, ba ta tambayi keken ɗinkinta ba. Ke kaɗai. Ta ƙi abinci. Na ce mata ta ci, ni na auna wurin, ko an ɗaure mini ido zan kai ta. Ta ci. A kan wannan maganar take tsaye har yau. Kuma wallahi ba ƙarya na yi ba a lokacin — wa zai kawo a ransa ruwa zai ɗauke bishiyar da ta girme ni?

Na tuna wata rana: jakar jini a rataye, tana ɗiga a hankali, rana ta shigo ta tagar asibiti ta sauka a ƙafarki. Shekararki sha shida. Sikila ta tashi, kina cije zani. Ni kuma ban iya komai ba sai darasi, na ce miki kin san ƙarfen da ke cikin jinin nan a cikin taurari aka dafa shi? Tun babu duniya, tun babu Borno. Kika buɗe ido ɗaya, kika ce to tauraron da ya dafa nawa bai iya girki ba. Na yi dariya har nas ta harare ni. Kai, yarinyar nan, bakinki! Ina kewarki. Ina kewar bakin nan naki har ƙirjina na ciwo.

Madu ya gyara tsayuwa. Rana na hawa.

Ranar nan ta asibiti ce kika tambaye ni ina Allah yake a cikin duk wannan. Ni kuma na zuba miki abin da na daɗe ina ɓoye wa fasto. Cewa ni ban ga Allah a gefe yana leƙen duniya ba. Shi ne duka. Haske, da nauyin da ke riƙe wata, da ƙwayar zarra da ba ta gajiya da juyawa, doka ɗaya daga nan har ƙarshen sararin sama, ba ta kuskure ko sau ɗaya — wannan in ba Shi ba ne, mene ne? Babu abin da ke ɓacewa, na ce, sai dai ya sauya kama. Muna cikinSa, Yana cikinmu, babu waje. Har ina jin daɗin yadda maganar ta fito tsaf. Sai kika ce,

“To Baba, in ciwon ya tashi, wa zan kira?”

Na gyara miki matashi. Abin da na yi ke nan, na gyara matashi.

Abdulwahab, abokin aikina mai koyar da lissafi, ya sha gaya mini a ofishin malamai, wai Malam ka ji tsoron Allah, wanda ya ƙera kujera ai ba kujera ba ne. Shi Musulmi, fastona Kirista, amma a kaina bakinsu ɗaya. Ni in murmusa, ina ganin na hango abin da ba su hango ba. To ga shi. In Shi ne duka, ai Shi ne ruwan. Shi ne ya shigo gari, ya cika Kasuwar Litinin, ya hau kan matattu. Shi ne lanƙwasar da ke cikin jininki. Shi ne lakar nan… wa zan kai wa ƙara? Wa zan riƙe wa riga?

A’a, tsaya. Tsaya, Dzarma, yi tunani. Ai akwai sauƙi a ciki. In babu abin da ke ɓacewa, kina nan. Ko ruwa ya buɗe kabarin, ko bai buɗe ba. Kina cikin ƙasar nan, kina cikin kogi, wataƙila kina wata gona wajen Khaddamari, kin shiga zangarniyar dawa, wani zai ci. Ko’ina ke ce. To duk inda na nuna daidai ne, ko ba haka ba? Ba ƙarya ba ce. A lissafe ba ƙarya ba ce…

Ba na son ko’ina. Me zan yi da ko’ina? Ana kai wa ko’ina fure? Ana zama kusa da ko’ina a gaya masa an gyara rufin gida? Taku shida nake so na ƙasa, in ce nan ’yata take. Ina son Wanda ya san wurin. Wanda yake da ido, ya gani ranar da aka sa ki, ya riƙe, bai mance ba. Ba doka ba — doka ba ta san sunanki ba, ba ta san kina ƙin kuɓewa ba. Wani nake so. Ko da zai yi mini faɗa.

Katanga… daga katanga fa? Ita ma rabinta ya zube, kuma ban taɓa aunawa daga can ba. Inuwar darbejiyar kan kai kanki wajen la’asar. Inuwar abin da babu.

“Baban Naomi,” in ji mamanki, a hankali.

In na ce ban sani ba, yau za ta sake binne ki, kuma wannan karon babu rami. Na san ta. Za ta koma ta juya fuska bango. In na nuna, duk Lahadi har ta mutu za ta zo ta durƙusa a kan wani, ko a kan babu kowa, ni kuma ina tsaye ina riƙe mata lema.

Ƙafata na tafiya. Daga ina na fara? Ban sani ba, daga wani wuri. Ina ƙirgawa da ƙarfi don ta ji. Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu… na juya kudu. Hannuna ya miƙe da kansa.

“Nan ne.”

Madu ya ce to, ya ɗaga shebur. Mamanki ta tare shi da hannu. Ta durƙusa, ta shafa lakar da tafinta biyu yadda take shafa bayanki, tana kiran sunanki, tana cewa ga ta ta zo, ki yi haƙuri ta daɗe. Kuka take, amma kafaɗunta sun sauka. Tun ranar ruwan ban ga sun sauka ba.

Ya kamata in matsa in ba Madu wuri. In ja baya taku ɗaya kawai. Amma bayan nawa… wa ya san me ke bayana? Hagu? In nan ɗin ne fa, nan da nake tsaye, ƙarƙashin dugadugaina? Ya Ubangiji, in Kana ji — na sunkuya ina kwance igiyar takalmi don kada in taka ki da shi, Madu na kallona, rana ta gasa ƙasa…

Ina zan taka, Naomi? Ina zan sa ƙafata?