Tofin Alhaji Babayo

Alhaji Babayo ya shekara talatin yana sayar da hatsi a kasuwar Nguru, kuma mutum ne da ba ya yarda abu ya fita gidansa babu addu'a. Buhun gero, ragon layya, har sabon takalmi, sai ya karanta ya tofa. Iyalinsa kan tsokane shi cewa ko ƙuda ya zo wucewa sai ya samu rabonsa.

A shekarar 2003 ɗansa Hizbullahi ya zo sallama. Kimiyyar sinadarai yake karanta a jami'a. Shekara biyu ya yi yana fama da haɗa wani farin gari, abin da ya samu duka bai cika cokalin shayi ba, ya raba shi a ƴan kwalabe uku. Ƙasar waje zai kai a auna. In garin ya yi aiki, jami'ar can za ta riƙe Hizbullahi ya yi digirin digirgir.

"Wannan ɗan garin ne zai kai ka Turai?" in ji Alhaji.

"Baba, kamar rariya yake. Ƙarfe ne aka saƙa da wani sinadari, kowace ƙwaya cike da ƙofofin da ido ba ya gani. Iskar gas da ke fitowa daga rijiyar mai a gauraye take. Wannan zai riƙe wata, ya bar wata ta wuce."

Alhaji ya gyaɗa kai, don tankaɗe ba baƙonsa ba ne. Daɗi ya cika shi.

Bayan azahar Hizbullahi ya fita gaida gwaggwanninsa. Alhaji ya jawo jakarsa, ya warware robar da aka naɗe marufan da ita, ya buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa wa kowace sau uku, ya mayar ya naɗe tsaf yadda ya same su. Bai gaya wa kowa ba, ai addu'a ba ta son talla.

Bayan wata huɗu Hizbullahi ya dawo a rame. Garin bai riƙe komai ba. Ya kama koyarwa a wata sakandare a Gashuwa, bai sake tada zancen ba. Alhaji ya ce haka Allah ya so.

Da daminar 2009 Alhaji ya je Gashuwa sarin shinkafa, ya sauka gidan ɗansa. Suna cin tuwo Hizbullahi ya ga gishiri ya dunƙule saboda laima, ya yi wata ƴar dariya marar daɗi.

"Garin nan nawa ya fi gishiri tsoron laima, Baba. Ko numfashi ya shiga kwalbar, ƙofofin rushewa suke yi. Shi ya sa na liƙe su. Na yi tunanin duniya ban ga ta inda iska ta shiga ba, sai na haƙura cewa ni ne ban iya ba."

Alhaji ya ajiye lomar da ke hannunsa. Babu wanda ya gan shi ranar da ya buɗe kwalaben, da ya yi shiru shi ke nan. Amma ga ɗansa shekara shida yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Nadama ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Hizbullahi, ka iya. Ni na buɗe su. Tofi na yi musu."

Hizbullahi ya janye hannunsa daga kwano.

"Ka sake haɗawa mana," in ji Alhaji. "Ko mene ne ake buƙata zan nemo."

"Allah ya karɓi addu'arka, Baba," ya ce a hankali. "Littafin da na rubuta yadda ake haɗa shi, tun a can na ƙona shi."