Magen Baba Ta Daina Shiga Ɗaki

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, magana ta ɗauke masa, sai ido da ɗan gurnani. Mutumin da a da in ya fara ba da labari sai shayi ya huce a kofi. Auta ce kaɗai a gidan tare da shi, ga ta malamar firamare, ba ta dawowa sai yamma. Sauran 'yan'uwa kowa na can inda yake, jinyarsu ta waya ce, kuma a wannan fannin babu wanda ya kai su ƙwazo.

Babban yayansu ne ya samo Dogo, mai jinyar marasa lafiya a gidaje. Gaskiya Dogo ya iya aiki. Zanin gado kullum a miƙe, ɗaki babu zarni, magani a kan lokaci. In zai yi wa Baba wanka ko ya canza masa kaya, sai ya ce cikin ladabi, "Anti, a ɗan ba mu wuri," ya tura ƙofa. Auta ta ji daɗin wannan ƙwarai. Wace 'ya ce ke son ganin tsiraicin mahaifinta? Ta samu barci, har kumatu ta yi.

Magen gidan ce kawai ba ta yi murna ba. Tsohuwa ce malalaciya, ɓera ya gifta ta gabanta sai dai ta yi hamma, aikinta kwanciya a ƙafafun Baba. Da zuwan Dogo ta daina shiga ɗakin, ta koma saman firij. Auta ta dube ta ta ce, "Ke ma kin gaji da jinyar ko? Kin shiga sahun su Yaya."

Wata rana aka tashi yara da wuri, Auta ta dawo gida kafin lokacinta. Ta tagar kicin ta hango Dogo a bayan gida yana shanya zanin gado, waya maƙale a kafaɗa, yana hira yana dariya. Magen na shan ruwa kusa da shi. Sai ya ɗora takalminsa a kan ƙafarta ta gaba, ya danna a hankali. Magen na ihu tana birgima, shi ko ƙasa bai kalla ba. Ya ƙarasa hirarsa, ya gyara bakin zanin a kan igiya, sannan ya ɗaga ƙafa. Babu ko ɗigon fushi a fuskarsa, kuma wannan ne ya fi tsorata Auta.

Ta shige ɗakinta ta kira Yaya.

"Mage fa kika ce, Auta," in ji shi. "Saboda mage za ki kori mutumin da muka sha wahala kafin mu samu? In ya tafi, ke za ki ajiye aikin? Ki yi masa magana ya daina, shi ke nan."

Haushi ya kama ta, musamman da ta san akwai gaskiya a maganarsa. In Dogo ya tafi, ba ta da kowa.

Ta fito ta same shi yana zuba ruwan ɗumi a roba.

"Ka je ka huta yau, tunda na dawo da wuri."

"To wankan Baba fa, Anti?"

"Zan goge masa jiki."

Ya yi murmushi. "Baba ba zai so ba."

"Na sani. Sai da safe."

Da ya fita ta ɗauki robar da tawul ta shiga. "Baba, ka yi haƙuri, yau ni ce. Ka rufe idonka, ni ma zan rufe nawa." Ta faɗi haka ne don ya yi dariya, amma bai yi ba. Ta ɓalle maɓallan rigarsa, kunya kamar ta nitse.

A ƙarƙashin hammata ta fara gani, sannan a haƙarƙari, sannan a cikin damtse. Shatin farce ne, wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu sabbi, duk a inda riga ke rufewa. Ta zagaya gadon ta duba ɓarin da ya shanye. Fata sumul, an shafe ta da mai, ko ƙwarzane babu. Dogo ya san ɓarin da ba ya jin komai, bai ɓata lokacinsa a can ba.

Auta ta zauna a bakin gadon, tawul na ɗiga a cinyarta. Baba ya laluba da hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannunta, riƙo mai ƙarfi, idonsa na kan ƙofa.

"Ba zai dawo ba, Baba," ta ce.

Bai sake ta ba sai da ta maimaita.