Ofisa Ya Tsayar da Titi

Tun ranar da Ofisa ya zame a matakalar bene ya bugu a kwankwaso, 'yarsa Auta ta kafe sai ya bar ɗakinsa na sama ya koma gidanta. Shi kuwa ta tagar ɗakin nan yake kallon mahaɗar titin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ba motoci hannu. In aka raba shi da tagar nan, an gama da shi. Sai dai ƙafar ta daina jin maganarsa. Ko takalmi zai sa sai ya dafa bango, kuma tsoron faɗuwa ya shige shi sosai, ko da yake da ya faɗa gara a yanka shi.

"Ƙarshen shekara zan zo da motar kaya, Baba," in ji Auta. "Ba zan jira a kira ni daga asibiti ba."

Matarsa ce ta ja shi filin bayan asibitin unguwa, inda wata tsohuwar nas ke koya wa tsofaffi tai chi, wato motsa jiki a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. Ofisa ya dube su ya taɓe baki.

"Wannan ai rawar malalata ce."

"To bismilla, shugaban masu ƙwazo," in ji nas ɗin.

Ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai ga shi rungume da wani tsohon tela. Aka kwashe da dariya, har da shi.

Matsalarsa ita ce hannu. Mutumin da ya saba sarar iska yana tsayar da tirela, a ce ya tura hannu sannu-sannu? Kullum nas na cewa, "Ofisa, sassauta kafaɗar nan, ba mota kake kora ba." A hankali dai ya iya. Gwiwa ta rage ƙara, barci ya dawo, numfashi ya daidaita, har ya fara manta sandarsa a bayan ƙofa. Da aka gaya wa Auta a waya, cewa ta yi baki suka haɗa mata.

Ranar da za ta zo, ya tashi da nauyin zuciya. Ya fara motsinsa a ɗaki, hannunsa ya share kofin shayi daga tebur.

"Malam, don Allah fita waje ka yi, kafin ka ƙarar mini da kwanuka," in ji matar.

Ya sa farar rigarsa da tsohuwar hular aiki saboda rana, ya sauka ya tsaya a bakin titi. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya tura tafin hannu gaba. Mai tasi ya ga farar riga da hula da tafin hannu, ya taka birki. Na bayansa ma haka. Ofisa ya juya a hankali ya tura ɗaya hannun, ɗaya layin ya tsaya cak. Da ya shafo iska zuwa hagu, wata bas ta bi hagu, alhali ba can za ta ba.

Auta na can baya a gaban motar kaya, tana ta tsaki. Da ta gaji ta sauko ta tako don ta ga mai wannan aika-aika. Sai ga mahaifinta tsaye a kan ƙafa ɗaya, ba sanda, ba bango, ko rawa jikinsa ba ya yi. Ta tsaya tana kallonsa har ya sauke ƙafar a natse ya ɗaga ɗayar. Dariya ta kama ta, hawaye na zuba, don ta daɗe tana kwana da fargabar wannan ƙafar.

"Baba! Ka tsayar da gari!"

Ya buɗe ido ya ga layin motoci, kunya ta rufe shi. Sannan ya hango motar kayan.

"Kin zo ke nan, Auta?"

"Na zo." Ta share ido, ta waiwaya ta ɗaga murya. "Direba, juya ka koma, babu kayan ɗauka!"

"Ta ina zan juya a wannan cunkoson?" in ji direban.

Ofisa ya gyara hularsa ya taka tsakiyar titi.

"Yi baya, ɗana," ya ce da murna. "Ni zan ba ka hannu."