Gefen Hagu

Duk Karaye an san Gwadabe mai sauti da taurin kai. Tun yana saurayi yake wuni a gindin lasifika wajen biki da maulidi, har Allah ya hore masa ya buɗe ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a bayan kasuwa. Kunnensa ne gonarsa, da shi yake ciyar da gida.

Bana sai mawaƙa suka fara dawo masa da aiki, wai kalangu ya danne murya, wai gefe guda ya fi gefe ƙara. Gwadabe ya ce laifin hedifon ɗin da yake sawa a kunne ne. Ya sayi sabo, ya ce jabu ne. Ya ƙara sayen wani, saura kaɗan su dambace da mai shagon. Ranar da wani mai bege ya kwashe aikinsa ya kai Kano, abin ya tsaya masa a rai, ya hau babur sai Rogo, wajen Ja'afar mai sayar da kayan sauti, wanda aka ce ba ya ajiye kayan banza.

Bayan sun gaisa, an tambayi gida da damina, Gwadabe ya ce, "Na ƙarshe nake so. Kada ka duba tsada."

Ja'afar ya sauko da guda uku a kwali. Gwadabe ya shafa fatar kowanne, ya lanƙwasa, ya zaɓi mafi nauyi ya ɗora a ka. Aka sa waƙa. Dama ta cika tam, har numfashin mawaƙin yana ji. Hagu kuwa kamar daga cikin rijiya.

"Kai ma ka shiga sahun macuta? Hagunsa a mace yake!"

Ja'afar ya karɓa ya saurara. Sannan ya mayar masa da shi, ya ce:

"Baba, don Allah juya shi. Na daman ya koma hagu."

Gwadabe ya juya yana tsaki. Wanda ya gama cika masa kunne yanzun nan, da ya sauka a hagu sai ya yi tsit. Wanda ya kira matacce kuwa ga shi yana rera waƙa a dama, garau.

Ya cire, ya mayar. Ya sake cirewa, ya sake mayarwa. Mutumin da ba a taɓa kayarwa a musu ba, yau ya rasa abokin musu, tsoro ya kama shi.

"Ko na kawo wani ka gwada?" in ji Ja'afar a hankali, don tausayi kawai.

"Bar shi, ɗana. Kayanka lafiyarsu ƙalau."

Ya fito bakin titi. Ranar kasuwa ce, ga masu babur, ga dillalan hatsi suna ta ciniki. Ya ɗaga yatsa ya toshe kunnen dama. Bakunan mutane suka ci gaba da motsi. Ya tsaya a haka hawaye na zubo masa, yana jiran ko da hon ɗin mota ɗaya.