Koren Fenti a Kan Ƙaho

Akwatin ƙanƙara ɗaya. Allura ɗari biyu. Kwalaben jini ɗari biyu. Safar hannu kwali uku. Farin tayil da ruwan gwaji. Gwangwanin koren fenti da buroshi. Sai ni, sai Malam Ilu direba, sai hanyar Gagarawa a gabanmu.

Wata na uku ke nan da fara aikin. Jami'ar da ta ɗauke ni bayan na dawo daga Maleshiya tana son sanin yadda bakkale ke tsallakawa daga shanu zuwa mutane a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Bakkale ita ce cutar da ke sa saniya ɓari, ta kumbura mata gwiwa. Mutum in ya sha madararta ɗanya, sai zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya. Gwajin ba wuya. A ɗebi jini, a bari ya kwanta, a ɗiga ruwansa a kan tayil, a gauraya da ruwan gwaji. In ya yi gudaji, saniyar tana ɗauke da cutar.

Wahalar ita ce a bar ka ka taɓa saniyar. Shekara takwas ba na gida. Na dawo da digiri biyu da Hausar da ake yi wa dariya, kuma babu makiyayin da zai tsaya yana kallo in soka wa dabbarsa allura. Kawu Rabe ne ya buɗe mini hanya. Yayan mahaifiyata ne, dillali a karar Maigatari, kasuwar shanu, tun kafin a haife ni. A gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Zuliha, shi ya sa ba ya kiran sunana. Uwata yake cewa.

Ruga ruga ya bi da ni. A gabansa aka yi sharaɗi: duk saniyar da aka samu da cutar, ba a faɗin sunan mai ita. Zan shafa mata fenti a ƙaho, mai ita ya kai ta kara, Kawu ya haɗa shi da mahauta. Yanka kawai, ba kiwo ba, ba tatsa ba. Naman in ya dahu ba ya cutarwa. Ja da shuɗi na fatake ne, da su suke shaida abin da suka saya, don haka na zaɓi kore. Shanu ashirin da uku na shafa wa a Maigatari da Sule Tankarkar.

Mun isa wani ƙauye a ƙasar Gagarawa da hantsi. Gida na huɗu da muka shiga, wata dattijuwa ta tarye ni tun daga tsakar gida, hannunta duk kullu.

"Ke ce likitar Maigatari? Ai mu mun riga ki, 'yar nan. Tamu kin gama da ita. Zo ki gani."

Inna Rabi ake ce mata. Ta ja ni bayan ɗaki. Farar saniya ce ɗaure a turke, da maraƙinta, ƙahon hagu karyayye, na dama kore. Na san ta. A wata ruga gabas da Sule Tankarkar na ɗebi jininta. Ta yi ɓari sau biyu kafin wannan maraƙin, kuma jininta bai yi minti ɗaya a kan tayil ba ya yi gudaji.

"Inna, a ina kuka samo ta?"

"Abdulbaqi, ɗana, shi ya sayo ta a Maigatari da ya sayar da riɗinsa. Saboda matarsa Sumayya, tana goyo. Dillalin ya ce mai koren ƙaho ita ce wadda likita ta gwada ta samu lafiya lau. Har rububinsu ake."

"Wane dillali?"

"Alhaji Rabe. An ce ma 'yarsa ce ke."

Na tambaya ko suna dafa madarar.

"Dafa? Madarar da kika sa wa hannu? Da ɗuminta Sumayya take sha."

Sumayya tana kwance a ɗaki, jaririn a gefenta. Mako biyu zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ga gumi, ga ciwon ƙugu. Ta shanye maganin maleriya sau biyu. Ni likitar dabbobi ce, ba na ba mutum magani. Na rubuta takarda zuwa asibiti a Gumel, na rubuta sunan cutar da manyan baƙi don kada a sake ba ta na maleriya. Sannan na fito na faɗa wa Inna Rabi abin da koren yake nufi. Ban rage komai ba.

Ta kalli saniyar. Ta goge hannunta a zane.

"To ke da karatunki, me ya sa kika sa kore? Ko a asibiti kore ai na lafiya ne."

Na ce a daina tatsa yau, a kai Sumayya Gumel yau. Na soke sauran gidajen, na ce wa Malam Ilu Maigatari.

Bayan la'asar muka isa. Kawu yana zaure a kan darduma, ya cire hula, yana ɓare goro.

"A'a, Uwata! Yau ba shanu, sai mu? Ko jinina kika zo ɗiba?"

Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini a gidan. Sannan na zauna.

"Kawu, na ga farar nan mai karyayyen ƙaho. A ƙasar Gagarawa. Ana tatsarta."

Bai daina ɓare goron ba.

"To."

"Matar gidan tana kwance."

"Allah ya ba ta lafiya. Zazzaɓi ai ba yau aka fara ba."

"Ka ce musu kore na nufin lafiya."

"Na faɗa." Ya ɗago ya dube ni. "Uwata, ke kin san littafi, ni na san kara. Tun kakanninmu, saniya in ta yi ɓari sau biyu kasuwa ake kai ta. Wa ya taɓa tsayawa ya yi shela? Mai saye ya duba haƙori, ya duba hantsa, ya ja abarsa. Ba ke kika kawo bakkale ƙasar nan ba, ba kuma ke za ki fitar da ita ba."

"Da can ba a sani ba. Wannan an sani. Ni na faɗa maka, a nan, a zauren nan."

"Mahauci da ya ji an ce dole a yanka, sai ya taya abin da ya ga dama. Mutanen nan na kai ki rugarsu da mutuncina. In kai su ga asara? Gobe wa zai sake ba ni igiyar saniyarsa?"

"Nawa suka je wurin mahauta?"

Ya tauna goron.

"Biyar. Tsofaffin."

Sha takwas ke nan a cikin gidajen mutane. Na fito da takarda da biro.

"Ba faɗa na zo ba, Kawu. Ka faɗa mini gidajen. Dillali ba ya manta wanda ya sayar wa. Zan bi su ɗaya ɗaya, a daina shan madarar, a gwada masu zazzaɓi. Ba sai na ambaci sunanka ba."

Ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba.

"Ba sai kin ambata ba? Su ba su san hannun wanda suka karɓi igiya ba? Gida sha takwas su koro mini shanu ranar Alhamis, ranar kasuwa, a gaban sarkin kara, a gaban fataken Damagaram? Shekara arba'in ba a taɓa dawo mini da dabba ba."

"Akwai masu ciki a gidajen nan. Akwai masu goyo."

"Ki ce su dafa madara. Ki shiga rediyo ki ce kowa ya dafa. Shi ke nan, ba wanda ya ji kunya."

"Ba za su dafa ba. Ka gaya musu na sa hannu."

Ya ajiye goron. Muryarsa ta sauka.

"A gidan nan kika koyi tafiya. Ranar da za ki hau jirgi, ni na kai ki Kano. Yanzu kin dawo da gwangwanin fenti za ki tsiraita ni a kasuwa?"

"Sunayen kawai nake so."

"Ba zan bayar ba."

Na jira. Daga cikin gida ana daka. Ya ɗauki carbinsa, ya juya fuska wajen bango. Na san wannan juyin tun ina ƙarama, in ya yi shi magana ta ƙare.

Na maida takardar jaka. Na yi masa sallama, bai amsa ba. Na fito, na jawo ƙofar zauren na rufe.

Malam Ilu yana jingine da mota.

"Gumel, Likita?"

"Gumel. Amma ranar Alhamis ka samo mini lasifika tun da safe. Zan tsaya a bakin kara in faɗi abin da koren yake nufi, in faɗi dillalin da ya sayar da su."