Bugu Uku a Goshin Feri

Shi ya fara ganin jirgin, kuma ko gaban alƙali aka kai shi abin da zai faɗa ke nan. Kafin kyaftin, kafin na'urorin kyaftin, kafin Turawan da suka cika gaban feri, jirgin fiton da yake ciki, da wayoyi a sama suna ɗaukar hoton hazo, Baba Saani ya ga dogayen sanduna uku sun huda farin hazon nan, tsaye ƙiƙam a gabansu. Hannunsa bai tsaya neman shawararsa ba. Ya ɗaga sandarsa ta ƙarfe ya maka wa shingen ferin sau uku, ya buɗe maƙogwaro da Turancinsa na teku ya ce ga jirgi a gaba.

Abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne. Makon shigowar jiragen yaƙi New York ne, 'yan sanda ko'ina, kowa zuciyarsa a kusa. Wata mata ta ji ƙarar ƙarfe ta kurma ihu, jama'a suka kwasa da gudu zuwa baya, kofi ya zube, wani mai kwat ya faɗa kan keken wani. Feri kuwa ko gezau, ya bi hanyarsa ta kullum ya wuce jirgin da tazara.

Yanzu ga shi zaune a wani ɗan ɗaki a tashar St. George, 'yan sanda sun dawo da shi inda ya fito kamar kayan da aka ƙi karɓa. Da ma zaginsa suka yi da ya fi masa. A'a, sai ladabi. Wani ɗan sanda da bai kai jikansa ba ya miƙo masa ruwa a kofin takarda, yana tambayarsa a hankali ko ya san ranar yau, ko ya san sunan unguwarsu. Shi Saani, da ya shekara talatin da wani abu a kan ruwa, daga Takoradi har inda teku ke daskarewa.

Abu ɗaya ne ke cin ransa, ba kuma 'yan sandan ba ne. Tun sanyin bara da ya yi tuntuɓe a bakin titi a Tompkinsville ya fasa goshi, 'yarsa Najat ta kafa masa sharaɗi: ya ƙara jawo wani abin, fita shi kaɗai ta ƙare. Akwai bas da ke zagawa da safe yana kwasar tsofaffi zuwa wani gida inda suke wuni a kujera ana kunna musu talabijin. Ta riga ta yi magana da su. Shi kuwa hawan ferin nan kowace safiya, ya je Manhattan ya dawo, shi ne ɗan abin da ya rage masa na teku.

"Baba, mi ya kai ka?" in ji Hambali, ɗan Maraɗi mai sayar da tabarau da lema a bakin ruwa, wanda suke shiga feri ɗaya kullum. Ya biyo shi har nan, jakar hajarsa a tsakanin ƙafafu. "Bato ɗin nan, jirgin da ka gani, a tsaye yake. Tun jiya ya jefa anka ƙasan ruwa ya kafe, kowa ya san da shi."

"Kowa wa? Kai ka gan shi?"

"Ni ina duba waya."

"To rufe mini baki. Mai gadin goshin jirgi ba ruwansa da wa ya sani, wa bai sani ba. Ka ga abu a dama, ka buga ƙararrawa sau ɗaya. A hagu, sau biyu. A gaba sak, sau uku. Kyaftin ya ga dama ya ce ya riga ka gani, wannan matsalarsa ce. Amma ka yi shiru, bosan, shugaban ma'aikatan jirgi, ya fasa maka kunne. Nan babu ƙararrawa, me zan buga? Kanka?"

Hambali ya yi dariya. Ɗan sandan ya ɗago kai daga tebur, ya ga ba faɗa ba ne, ya mayar.

"Kuma ka san ko wane irin jirgi ne na gani?" Baba Saani ya gyara zama. "Kakan jiragen yaƙi ne. Wani tsohon bosan Bagirike ya ba ni labarinsu, shi kuma a bakin kakansa ya ji. Katako ne da igiya da tamfol. In iska ta ɗauke, kai da abokin gabarka sai ku zauna kuna kallon juna kamar surukai. Igogi a haƙarƙarin jirgi suke a jere, sai ka juya wa mutum gefe kafin ka harba, kusa da kusa, har kana jin ƙamshin girkinsu. Maza ke nan. Daga baya tururi ya zo, aka daina roƙon iska. Aka lulluɓe katako da ƙarfe, harsashi ya riƙa dukan jirgi yana faɗawa ruwa kamar an jefi bango da gyaɗa. Sai aka ce to, a ƙara wa igwa girma, a ɗora ta a kan abin da zai juya ta duk inda ake so."

"Ka ba ni wannan, Baba. Bara ma ka ba ni."

"Za ka sake ji. Ni na ga na ƙarshensu da idona a bakin Beirut, muna jiran sauke fulawa. Dutse ne a kan ruwa, Hambali. Manyan igogi tara, harsashi ɗaya nauyin ƙaramar mota, ya tsallake gari gaba ɗaya ya faɗa bayan duwatsu. Ranar da ya harba, mu da muke can nesa kofuna suka zubo daga kanta a kicin ɗinmu. Kukunmu ɗan Kumasi ya shige ƙarƙashin tebur, da ƙyar muka jawo shi ta ƙafa. To dubi na yau da suke ta yi wa tafi. Akwati mai launin toka, igwa ɗaya tal a gaba kamar bututun famfo."

"Amma abin da ya ƙone maka bato ai ba babbar igwa ba ce."

Baba Saani ya ja hannun rigarsa sama. Fatar daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu a tattare take, tana sheƙi. Tankar mai ce, a tekun Fasha, lokacin da wasu ƙasashe biyu ke farautar jiragen juna. Makami mai linzami ya zo yana shafar ruwa. A ranar ma shi ya fara gani, ya buga, sai dai ba a kauce wa irin wannan.

"Makamin matsorata," ya ce. "Mutum yana can inda ba ka ganinsa ya latsa maɓalli. Mai na ci da wuta a kan ruwa, na nutse na bi ta ƙarƙashinsa na ɓullo. Masu takardun makaranta nawa suka rage a ciki? Ni da ban san ko bihim ba ga ni zaune. Shi ne yau yaro zai tambaye ni ko na san sunan unguwarmu."

Ƙofa ta buɗe. Wata mai shuɗin kaya ta shigo ta tsaya a gabansa. Ɗazu ɗan sandan ya ce za a turo ma'aikaciyar jinya ta duba shi, saboda haka Baba Saani ya ɗaga mata hannu, ya ce da Turanci lafiyarsa ƙalau, madam, ta je abinta. Ya juya wajen Hambali.

"Ka ƙara gaya wa matar nan ba na son awo. Kuma ka ji ni da kyau, in ka kuskura ka kira Najat, ni da kai har abada. Za mu fita nan, in koma gida in kwanta, ta dawo aiki ta tarar da ni ina jin rediyo."

Hambali ya sunkuyar da kai. Sai ƙarar zif ɗin jakarsa da yake ja yana mayarwa.

"Baba," in ji mai shuɗin kayan.

Muryar ta sauka masa a ciki kamar anka. Ya karkatar da kai gefe a hankali, yadda ya saba yi tun bara, tun da wani baƙin tabo ya zo ya zauna a tsakiyar duk abin da ya kalla. Ta gefen ido komai na nan, motsi, haske, sandunan jirgi a cikin hazo. Fuskar da ke gabansa ce kawai ba ta nan. Da ya karkata sai ga ta, Najat, da kayan aikinta na gidan tsohuwar da take kula da ita, ɗankwalinta ya zame.

"Ina tsaye a gabanka, Baba. Kana kallona."

"Hasken ɗakin nan ne. Wane irin fitila ce wannan?"

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Ke, tambayi Hambali wa ya fara ganin jirgin."

"Shi ya fara gani, hajiya," in ji Hambali da ƙaramar murya. "Wannan kam gaskiya ne. Ki yi haƙuri, polis suka ce in kira na gida."

Najat ta zauna a kujerar da ke kusa da shi. Ba ta ɗaga murya ba, wanda da ta ɗaga da ya san yadda zai yi da ita.

"Shi ya sa kake cin abinci kana kallon bango. Ni ina cewa fushi kake da ni." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Na bar shif ɗina na taho a guje. Gobe za mu ga likitan ido. Ran Litinin bas zai zo."

"Bas ɗin gawa."

"Bas ɗin mutane, Baba. Ferin nan akwai matakala, akwai rata tsakanin jirgi da tasha. In ka faɗa, me zan ce wa 'yan uwana a Takoradi?"

"Wuta ba ta ci ni ba, ruwa bai ci ni ba, sai rata?"

Najat ta miƙe. Ta je ta yi magana da ɗan sandan, ya yi murmushi, ya miƙo sandar da suka karɓe. Baba Saani ya fizge abarsa. Suka fito cikin babban zauren tasha, jama'a na ta tururuwa zuwa feri na gaba, ƙamshin ruwan gishiri na shigowa duk sanda aka buɗe ƙofa. Da suka iso matakalar fita ya kama gwiwar hannun Najat ya riƙe gam, kamar shi ne ke tsallakar da ita.

"Mako mai zuwa jiragen nan za su fita," ya ce, yana ɗaga murya don Hambali da ke bayansu ya ji, da duk wanda ke jin Hausa a wurin. "Ki kawo likitanki. Ki kawo yaron nan mai kofin takarda, da kyaftin da na'urarsa, da kai mai tabarau. Mu jeru a goshin feri da sassafe, hazo ya sauka iya son ransa. In aka sami ɗaya a cikinku da ya riga ni ganin jirgi, da ƙafata zan hau bas ɗin nan, ba sai an kama ni ba. Wanda ya isa ya zo ya tsaya."